Daga Fijo Zuwa Toyota: Abin Da Ya Sa Na Fasa Sayar Da Tsohuwar Corolla

Rubutun yau yana da tsawo, wanda yake sauri ya ajiye shi sai ya natsu.

Ranar Asabar da ta wuce na kai motata juyen baƙin mai a garejin da na saba zuwa a Sabon Gari. Ina zaune a kan benci ina jira, sai wani dillali da ke yawan zama a wurin ya zagaya ta sau biyu, ya leƙa ƙarƙashinta, ya sa yaron gareji ya tayar masa ya saurari ƙarar injin. Sannan ya zo ya zauna kusa da ni ya ce, "Alhaji, ba za ka rabu da ita ba?" Na ce ba ta sayarwa ba ce. Ya ce ai komai na sayarwa ne, sai dai in ba a taya da kyau ba. Ya kuwa taya. Kuɗin da ya ambata ya kusa ninka abin da na saye ta sau uku.

Motar nan fa Corolla ce ƙirar 2005, 'yar Kwatano, na saye ta a 2014. Fentin samanta ya koɗe, kujerar direba ta yage, gilashin baya na hagu sai an taimaka masa da hannu yake hawa. Amma wallahi sai da zuciyata ta raya mini in sallama. Kuɗin makarantar yara na tafe, rufin ɗakin baya yana yoyo, farashin mai kuma ba sai na faɗa muku ba. Na ce ya ba ni kwana uku.

Da dare na kai zancen majalisarmu a nan Basawa, aka kaure da gardama. Wani ya ce in sayar tun tana da daraja. Wani ya ce in na sayar ba zan ƙara mallakar irinta ba. Wani matashi ya ce mu dattawa mun mai da Toyota kamar gado, alhali duniya ta wuce wurin. Sai wani dattijo a cikinmu, tsohon direban gwamnati da ya yi ritaya, ya yi dariya ya ce, "Duk abin da kuke faɗa a kan Toyota yau, haka muka riƙa faɗa a kan Fijo."

Maganar nan ce ta hana ni barci, ita ce kuma ta jawo wannan rubutu.

ZAMANIN FIJO

Duk wanda ya yi wayo a Zariya a shekarun 1980 ya san gaskiyar dattijon. In aka ce mutum ya sayi mota, ba a tambayar wace iri, sai dai a ce 404 ce ko 504. Malaman jami'a a Samaru, hafsoshin bariki, manyan 'yan kasuwar Sabon Gari, duk Peugeot ce, wadda bakinmu ya mayar Fijo. Tasha cike take da 504 doguwa mai zuwa Kaduna, Kano, Funtuwa da Jos. Kayan gona kuma a-kori-kura 404 ce ke fito da su daga ƙauye. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya riƙe 504 fara har ƙarshen rayuwarsa, kuma bai taɓa yarda cewa akwai motar da ta kai ta iya hanya mai gargada ba.

Ba daga nesa take zuwa ba. A Kakuri ta Kaduna ake haɗa ta, a kamfanin PAN da ya fara aiki a 1975 zamanin Janar Gowon. Lokacin ne gwamnati ta shiga haɗin gwiwa da kamfanonin Turai: Volkswagen a Legas, Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, Leyland a Ibadan, Marsandi a Enugu. Saboda cunkoson tashar jiragen ruwa ta Legas a wancan lokaci, har ta jirgin sama aka riƙa ɗauko sassan Fijo daga birnin Lyon na Faransa zuwa Kano, daga nan a wuce da su Kaduna. Gwamnatin soja ta Obasanjo kuma ta sa manyan jami'anta hawa 504, ta zama motar hukuma.

Sakamakon haka, duk bakaniken da ke ƙasar nan a kan Fijo ya koyi aiki. Duk shagon kayan gyara kayanta ya tara. In ta tsaya maka a Giwa ko Tashar Yari, akwai wanda zai kwance kafireto ya hura ya mayar ka ci gaba da tafiya. In ka gaji da ita, kafin la'asar ka sami mai saye. Ku riƙe waɗannan abubuwa, zan dawo kansu.

MASAƘA CE ASALINTA

Yanzu bari mu leƙa Japan, domin da yawa cikin masu hawa Toyota ba su san cewa asalin gidan masu ƙera injin saƙa ne ba.

Sakichi Toyoda, wanda aka haifa a 1867, ɗan kafinta ne a wani ƙauye da mata ke saƙa da hannu, har da mahaifiyarsa. Ya ƙarar da rayuwarsa wajen gyara injin saƙa. A 1924 ya kammala wani inji mai sauya ƙoshiya da kansa ba tare da ya tsaya ba, wanda kuma da zarar zare ɗaya ya tsinke zai tsaya cak, don kada ya ci gaba da fitar da yadi mai aibi. A 1926 aka kafa kamfanin ƙera injin, a 1929 kuma wani babban kamfanin Ingila mai suna Platt Brothers ya ƙulla yarjejeniyar sayen haƙƙin ƙera shi a kan fam 100,000. Ku duba fa, Ingila da ta koya wa duniya masaƙar zamani ce ta zo sayen fasaha wurin ɗan kafinta.

Ɗansa Kiichiro ne ya yi tafiyar cinikin. Ya bi ta Amurka, ya ga yadda mota ta cika tituna, ya dawo da niyyar ƙera ta. A 1933 ya buɗe sashen mota a cikin kamfanin mahaifinsa. Suka sayi Chevrolet suka warware ta ƙusa-ƙusa suna nazari. Injinsu na farko kwaikwayon na Chevrolet ne, har wasu sassan suna shiga juna. Dalili kuwa, a lokacin Ford da General Motors suna haɗa motoci a Japan, kayansu ne a kasuwa, kanikawa kuma su suka sani. Tun ranar farko ke nan mutanen nan sun yi tunanin inda mai mota zai sami kayan gyara.

A 1935 suka fitar da babbar motar ɗaukar kaya, a 1936 suka fitar da ƙaramar mota ta farko, a ranar 28 ga Agusta 1937 kuma aka yi wa kamfanin mota rajista shi kaɗai. Sunan iyalin Toyoda ne, aka sauya harafi ɗaya ya zama Toyota. Gwamnatinsu ma ta tsaya musu: dokar 1936 ta ba kamfanonin gida fifiko, ta takura wa na Amurka, har suka daina aiki a ƙasar zuwa 1939.

SUN SHA FAƊUWA

Kada wani ya ɗauka da ƙarko aka haife su. Motar kayansu ta farko ta yi ƙaurin suna wajen mutuwa a hanya, har shi Kiichiro da kansa yakan je inda ta lalace ya duba abin da ya karye, a koma masana'anta a gyara ƙirar.

Bayan yaƙin duniya na biyu kamfanin ya kusa rushewa. A 1950 bashi ya yi masa katutu, bankuna suka gindaya sharuɗɗa, aka nemi ma'aikata 1,600 su ajiye aiki, aka yi yajin aiki na kusan wata biyu. Kiichiro ya ɗauki laifin ya sauka daga shugabanci. Makonni kaɗan bayan haka yaƙin Koriya ya ɓarke, sojojin Amurka suka yi odar dubban manyan motoci, kamfanin ya farfaɗo. Shi kuwa ya rasu a 1952, bai ga abin da ya shuka ba.

A 1958 suka kai motarsu Crown kasuwar Amurka. Ta sha kunya. Ba ta da ƙarfin gudu a manyan titunansu, tana zafi, tana karkarwa. Dole suka janye ta, suka koma gida suka sake shiri, sai a 1965 suka dawo da Corona wadda ta karɓu.

Abin da ya fitar da su shi ne darasin injin saƙar nan. Wani injiniyansu, Taiichi Ohno, wanda shi ma daga ɓangaren zare ya fito, tare da Eiji Toyoda, suka gina tsarin aiki a kan ƙa'idoji masu sauƙin faɗa. Kada a ƙera abin da ba a buƙata yanzu, kada a tara kaya a sito. In ma'aikaci ya ga kuskure, yana da ikon jan igiya ya kira shugabansa, in ta kama a tsayar da layin gaba ɗaya har a gano tushen matsalar. A masana'antun wasu ƙasashe a wancan zamani, lebura bai isa ya tsayar da layi ba, sai dai mota ta fita da aibinta a gyara daga baya. A 1965 Toyota ya ci lambar Deming, babbar lambar ingancin aiki ta Japan.

Daga nan motocin da muka sani suka biyo baya: Land Cruiser ta sami sunanta a 1954, Corolla 1966, Hiace da muke kira hayis 1967, Hilux 1968, Camry 1982, Lexus 1989. Da farashin mai ya yi tashin gwauron zabo a duniya a 1973, Amurkawa suka fara gudun manyan motocinsu masu shan mai suna neman ƙananan na Japan. A 2008 Toyota ya ture General Motors ya zama na ɗaya a duniya wajen sayar da mota. Zuwa 2021 an sayar da Corolla sama da miliyan 50. Har yaƙi aka sa wa sunansu: a 1987 sojojin Cadi a kan Hilux da Land Cruiser suka fatattaki tankokin Libiya a hamada, ake kiransa yaƙin Toyota.

MU MA MUN YI MASAƘA, MUN YI MOTA

Abin da ke ci mini rai shi ne, duk abin da suka fara da shi mu ma mun riƙe shi a hannu. Ƙasar Zazzau ƙasar auduga ce. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ta fitar da irin auduga iri-iri masu ɗauke da sunan Samaru. A Kakuri aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a 1957 zamanin Sardauna. A tsakiyar shekarun 1960 aka buɗe Arewa Textiles, kuma da jarin kamfanonin zare na Japan aka kafa ta. Ga masaƙa, ga kamfanin haɗa mota, duk a unguwa ɗaya, tafiyar awa guda daga inda nake zaune. Su daga masaƙa suka haura zuwa mota. Mu kuwa a farkon shekarun 2000 masaƙun suka rufe ɗaya bayan ɗaya, kamfanin motar kuma ya koma inuwar kansa.

Yadda abin ya faru ba ɓoyayye ba ne. Yawancin sassan Fijo daga waje ake sayo su da kuɗin waje. Da farashin ɗanyen mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, kuɗin wajen ya yi ƙaranci. A 1986 gwamnatin Babangida ta kawo tsarin SAP, aka karya darajar naira. Sabuwar mota ta fi ƙarfin malamin makaranta da ma'aikacin gwamnati, mutanen da a da suke karɓar bashin mota su fito da ita fil a leda. An sayar da PAN ga 'yan kasuwa a 2006, bashi ya sa hukumar AMCON ta karɓe shi a 2012. A 2022 wani sabon kamfani na haɗin gwiwa da Dangote ya fara haɗa Peugeot a hanyar Kaduna zuwa Abuja, amma ku faɗa mini sau nawa kuka ga sabuwarta a Kwangila.

Giɓin da aka bari gwanjo ne ya cike shi. Motocin da Turawa suka gama yayi aka riƙa lodowa daga tashoshin ruwan Beljiyam da Jamus zuwa Kwatano, daga baya kuma daga Amurka, 'yan kasuwarmu suna shigo da su. Shi ya sa har yau muke cewa 'yar Kwatano ko Beljiyam, duk da cewa tun 1 ga Janairu 2017 gwamnati ta hana shigo da mota ta iyakokin ƙasa.

Toyota ta daɗe a Najeriya kafin wannan. Kamfanin R.T. Briscoe ya fara kawo ta a shekarun 1960, Elizade ya biyo baya a 1970 da 'yan kai, aka kafa Toyota Nigeria Limited a 1996. Amma sababbin nasu bankuna da gwamnati da manyan kamfanoni ne ke saye. Mu talakawa a kasuwar gwanjo muka san ta. A wannan kasuwa kuwa gasar daban ce: duk motocin sun tsufa kafin su iso, wadda ta fi jure tsufa ita ke cin kasuwa. An gwada Opel, an gwada Golf, an gwada Marsandi 190 da Bi-Em, an gwada Honda tun daga Hala da Hennessy har zuwa wadda aka ce ta kashe gardama. Kowace ta yi zamaninta, wasu suna kan yi. Amma sannu a hankali Carina, Starlet, Corolla, Camry da hayis suka mamaye, kanikawa suka koma kansu, 'yan kayan gyara na Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna da Ladipo a Legas suka cika shaguna da kayansu.

MECE CE GAMSUWA A WURINMU?

A Amurka akwai masu bin diddigin ra'ayin masu mota, irin su Consumer Reports da J.D. Power. Shekara da shekaru Toyota da Lexus suna cikin na sama-sama a jerin motocin da ba sa yawan ba da matsala. Amma akwai wata tambaya daban da ake yi wa mai mota: in da za a dawo da kai baya, za ka sake sayen wannan? A nan sai ka ga wasu motoci masu lantarki da ke yawan zuwa gyara sun haye sama, saboda masu su suna jin daɗin tuƙa su. Can mutum yana iya son mota mai wahalar da shi, don yana da garanti, yana da inshora, yana da wata motar a gida.

Mu a nan ba mu da wannan gatan. Tambayarmu ita ce: in ta tsaya mini da magariba tsakanin Shika da Giwa da iyali a ciki, wa zai tayar da ita? In wani abu ya karye, zan same shi a Sabon Gari yau, ko sai an aika Legas an jira mako biyu? In wata lalura ta taso, zan iya mayar da ita kuɗi cikin kwana biyu?

A shekarun da na yi da tawa, ban taɓa sauke injinta ba. Abin da take ci shi ne baƙin mai, filogi, birki, taya, da kayan ƙafa saboda ramukan hanya. Ta kai matata asibiti da tsakar dare lokacin haihuwar autarmu. Ta je Sakkwato, ta je Maraɗi, ta ɗauko buhunan masara daga gona fiye da abin da ya dace. Sau ɗaya ta kwana a hanya, shi ma laifin famfon mai ne na jabu da na saya da araha a wani shago, bai yi wata guda ba ya mutu. Yaron da ya zo ya cece ni bai kai shekara ashirin ba, amma ya san cikin motar kamar ɗakin uwarsa.

Kun ga ke nan rabin gamsuwar da nake ji a Japan aka ƙera ta, ɗaya rabin kuma a gindin bishiyar gareji da shagunan kayan gyara. Wannan rabi na biyun shi ne abin da Fijo take da shi a zamanin mahaifina, ta kuma rasa shi.

Sai lissafin dillali. Da na zauna da biro, sai na ga ribar da nake murna da ita ba riba ba ce. Lokacin da na sayi motar, dala ba ta kai naira 200 ba. Bayan an saki naira a Yunin 2023, sai da dala ta haura 1,500 a 2024. Motata ta ninka sau uku, dala ta ninka fiye da sau bakwai. In na karɓi kuɗinsa na je neman wata 'yar Kwatano irinta, sai na yi ciko mai yawa. Ba motar ce ta ƙara daraja ba, kuɗin aljihunmu ne ya zube, ita dai ta fi wasu riƙe kanta.

BA A RASA NONO A RUGA

Kada a ce na zama ɗan kamashon Toyota. Su ma suna da tabo, kuma manya.

Tsakanin 2009 da 2010 sun janye miliyoyin motoci don gyara, bayan ƙorafin cewa totur yana maƙalewa mota ta yi ta gudu, an kuma yi asarar rayuka. Akio Toyoda, jikan Kiichiro, ya bayyana gaban majalisar dokokin Amurka a Fabrairun 2010 ya ba da haƙuri. A 2014 kamfanin ya amince ya biya tarar dala biliyan 1.2 saboda ɓoye wa jama'a gaskiyar lamarin. A Disamban 2023 Daihatsu, reshensu mai ƙera Hijet ɗin nan da ke mana dakon kaya, ya dakatar da fitar da motocinsa bayan an gano maguɗi a gwajin kariya daga haɗari. A Yunin 2024 Akio ya sake sunkuyar da kai gaban 'yan jarida kan saɓa ƙa'idar gwaji a wasu motocin Toyota ɗin kanta. Gidan da aka gina a kan tsayar da inji in zare ya tsinke, ga shi an kama shi ya bar yadi mai aibi ya wuce. Girma da gaggawa suna ɓata kowa.

A gida kuma, maganar nan ta "Toyota ba ta lalacewa" ta kashe motoci da yawa. Mutum zai yi wata takwas bai yi juye ba. A cire tamostat a jefar, a haɗa fanka kai tsaye, a ɗura ruwan rijiya a lagireto. Wutar gargaɗi ta kama a gaban direba, a ce ai haka take. Sannan sunan ya sa ana tsawwala kuɗinta: da kuɗin tsohuwar Corolla kana iya samun wata motar da ta fi ta ƙuruciya da shekara biyar. Wasu da ake kawowa sun yi mummunan haɗari ko ambaliya ta shanye su a can, a yi musu kwalliya, a mayar da lambar tafiyarsu baya. Kuma abin da ya sa take da kasuwa shi ya sa ɓarayi ke sonta, don ko an yanka ta gunduwa-gunduwa kayan za su shige.

Akwai kuma abin da ya fi waɗannan ciwo. A ƙarshen 2023, watanni kaɗan bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 'yan majalisar tarayya suka sayo wa kansu manyan jif-jif na Toyota daga waje, kowace sama da naira miliyan 100, alhali akwai masu haɗa mota a Nnewi da Legas da Kaduna. Japan ta kare kamfanoninta da doka tun suna rarrafe. Mu ma mun taɓa sa shugaban ƙasa a cikin 504. Ita kuwa Toyota, a Afirka ta Kudu take da babbar masana'anta, a 2021 kuma aka buɗe wurin haɗa Hilux a Tema ta ƙasar Ghana. Mu da muka fi kowa yawa a nahiyar, tsofaffinta muke saye.

DARASIN BABUR

Matashin majalisarmu da ya ce duniya ta wuce wurin, bai yi ƙarya duka ba. Ku tuna babur. A da in ba Honda ba, to Yamaha ko Suzuki, duk 'yan Japan, kuma an rantse babu mai ture su. Sai Jincheng ta zo daga Chaina da araha, aka yi mata dariya, ta cika gari. Sai Bajaj ta zo daga Indiya ta kwashe 'yan acaɓa kaf. Yau ku tsaya a PZ ku ƙirga baburan Japan nawa za su wuce. Abin da ya faru shi ne araha ta jawo masu saye, masu saye suka jawo kayan gyara, kayan gyara suka jawo kanikawa. Da zagayen ya cika, magana ta ƙare.

Yanzu ga motocin Chaina nan suna shigowa, GAC, Changan, Geely, Chery, sababbi da garanti. Ga masu haɗa mai da batir, waɗanda Toyota ɗin ce ma ta fara yaɗa su da Prius tun 1997, amma kanikawanmu da yawa suna tsoron taɓa su. Ga maganar mayar da mota ta koma amfani da iskar gas. Su kansu Toyota na bayan nan cike suke da kwamfuta, ba a gane ciwonsu da kunne sai an sa na'ura. Bakanikena, mutumin da ya fara koyon aiki a kan 504, ya faɗa mini gaskiya cewa in aka kawo masa ƙirar shekarun nan, ɗansa yake kira ya zo da na'urarsa.

A nan hanyar Basawa muke da cibiyar fasahar sufuri ta ƙasa, NITT, wadda aka kafa a 1986, shekarar da SAP ta fara karya Fijo. Ga jami'ar Ahmadu Bello da sashen injiniyanta a Samaru, ga kwalejin Nuhu Bamalli. In akwai garin da ya kamata a ce yaran gareji suna samun horo na gaske a kan motocin da ke tafe, to Zariya ce. Duk wanda ke da faɗa a ji a waɗannan wurare, ko a ƙungiyar kanikawa, ko a ƙaramar hukumar Sabon Gari, don Allah a duba wannan. In ba haka ba, nan da shekara goma za mu wayi gari da motocin da babu mai iya gyara su sai a Abuja, dubban matasa kuma su rasa sana'a.

HUKUNCIN DA NA YANKE

Ranar Talata na kira dillalin na ce ya yi haƙuri. Ya ce zan neme shi. Na ce mai yiwuwa, amma ba bana ba. Kuɗin makaranta na sayar da masara na rage, rufin ɗaki kuma zai jira bayan damina. Motar na sa an mayar mata da tamostat ɗin da aka cire tun ban san amfaninsa ba, na kuma yi wa kaina alkawarin daina sayen kayan gyara don araharsu.

Ga wanda ke shirin zuba kuɗin sallamarsa ko na gadonsa a mota, shawarata ita ce kada tambarin gaban mota ya rufe maka ido. Je da bakanikenka, ba na mai sayarwa ba. A sa mata na'ura, a duba lambar jikinta a intanet a ga tarihinta, a tabbatar da takardun kwastan. Kafin ka biya, shiga kasuwa ka tambayi kuɗin fitilarta da giyarta da kayan ƙafarta, ka ji ko akwai su a ƙasa. Toyota da aka wulaƙanta ba ta kai wata motar da aka kula da ita ba.

Da na koma majalisa na faɗa wa dattijon nan cewa na fasa, sai ya ce na kyauta, amma in riƙa tunawa shi ma akwai 504 a bayan gidansa, kaji ne ke ƙwai a cikinta.

To jama'a, ku fa? Wace mota ce ta fi daɗewa a hannunku, kuma da za a dawo da ku baya za ku sake sayenta? Kanikawa da direbobin haya da ke bibiyata, ku na fi son in ji ta bakinku, don ku ne kuka san abin da mu masu zaman benci ba mu sani ba. Allah Ya tsare mu a hanyoyinmu, Ya sa mu sauka lafiya.